Wanda Ya Ƙona Famfon Garkar Mata

Ranar da famfon garkar mata ya mutu a Kwanar Gawo, kafin a aika wa Mani duk garin ya riga ya je ya gani. Wannan ne abu na farko da ya ɓata masa rai. Ya sauka daga kabu-kabu da hantsi, gwiwarsa ta dama tana yi masa zugi tun daga Matankari, ya tsaya a bakin shingen waya ya dubi ƙasa. Sawun mata, sawun yara, sawun awaki, har da wani da ya jawo amalanken jaki ya kewaya gindin shato, wato tankin ruwan garkar, don kawai ya leƙa. Shekara da shekaru Mani yana bin sawun shanun sata daga Arewa har bakin iyaka, jandarmomi ma kan neme shi in abu ya gagare su, amma bai taɓa cin karo da garin da ya iya barin wuri yadda mai laifi ya bar shi ba.

Hindatu, shugabar ƙungiyar matan, ita ta kira shi. Mace ce doguwa mai ƙarancin magana, ta nuna masa abin da hannu fiye da baki. Famfon yana can cikin rijiya mai zurfi, allunan hasken rana ke ba shi wuta, shi kuma ya tura ruwa sama cikin shato. A jikin ginshiƙin allunan akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe, shi ne mai ba famfon umarni. Babban aikinsa shi ne in ruwa ya ja baya a rijiyar ya kashe famfon kafin ya sha iska ya ƙone. Jiya bai kashe ba. Da safe aka ciro famfon yana warin ƙuna.

Ƙarshen sanyi ne, dankalin turawa ya fara ɗora 'ya'ya, daidai lokacin da bai yarda da ƙishirwa. Mata fiye da arba'in suka dogara da fangalan nan. Tuni wasu suka koma jan guga a tsohuwar rijiyar bakin gari, kuma kowa ya san guga ba zai riƙe wannan garka ba.

Mani bai tambayi kowa ra'ayinsa ba, amma kowa ya ba shi. Tsofaffi suka ce doguwar da ke gawon bakin rijiya ce ta yi fushi, tun farko ba a roƙe ta ba aka haƙa. Wani saurayi mai shago, Bilyaminu, ya ce ba wata doguwa, Kubra 'yar bori ce ta lalata abin don a koma kai mata kaji, shi da idonsa ya sha ganinta a gindin akwatin. Wasu kuma suka ce yarinyar nan ta Dogon Dutsi da ta ƙera akwatin ce ta sayar musu da jabu, a kai ta birgadi wurin jandarmomi kawai.

Ya roƙe su su matsa, ba su matsa ba. Ya sake roƙo da murya mai kauri, suka ja baya taku kaɗan suna ci gaba da bayani. Ya durƙusa da ƙyar gaban akwatin. Ba a fasa shi ba, ba a banƙare murfin ba. Kusoshin masu kan tauraro ne, irin waɗanda sukuddirebar kasuwa ba ta kamawa, kuma fentin da ke kansu ya ɗaye, ƙarfen yana ƙyalli. Wani ya buɗe shi ba da daɗewa ba, da kayan aikin da ya dace, ya mayar da komai a natse.

*

Ya fara da Kubra don a rufe wannan bakin. Ya same ta a ƙofar gidanta tana tsinke ganyen zogale cikin faifai. Ba ta musa ba, ta ce ai kullum tana gindin akwatin, fangalinta na nan dab da shi, kuma inuwar allunan ce kaɗai inuwa a garkar da rana tsaka. Da ya ambaci doguwa sai ta ɗago ta dube shi da ido ɗaya.

"Mani, kai ma? Tun ina yarinya nike hidimar iskoki. Na ga sun kada mutum, na ga sun hana barci. Ban taɓa ganin wadda ta kwance kusa ta mayar ba. Kuma nawa dankalin yana cikin waɗanda za su bushe."

Ya tambaye ta ko ta ga wani ya buɗe akwatin. Ta ce yaran injiniya kan zo lokaci lokaci, su buɗe su rufe, wa zai tsaya kallonsu. Wanne daga ciki, yaushe, ba ta riƙe ba. Abin da ta riƙe shi ne tun farkon sanyi ruwa ya rage isa, shato bai cika kamar da, sai kwanakin baya-bayan nan famfon ya daina tsayawa da rana, suka ji daɗi, suna cewa rijiya ta farfaɗo.

Mani ya ajiye wannan maganar a ransa. A hanyarsa ta fita Bilyaminu ya tare shi yana son jin ko ta amsa laifinta. Mani ya wuce shi kamar bai ji ba.

*

Shagon Lubabatu, injiniyar da ta ƙera akwatin, yana bayan tashar mota a Dogon Dutsi, ɗaki biyu, ɗaya cike da wayoyi da allunan lantarki, ɗaya da tebur da kwamfuta. Ta yi karatu a Yamai, ta dawo gida ta kafa wannan sana'a, akwatunanta na aiki a garake da dama daga Matankari har ƙauyukan Tibiri. Ya same ta da jajayen idanu. Da safen nan jandarma ya zo ya ce ta shirya amsa tambayoyi, masu proje, ƙungiyar tallafin da ta ba matan famfon, su kuma sun bugo waya sun ce an dakatar da duk wani aiki da ita sai an ga ƙarshen magana.

Ta rantse akwatinta bai yin haka. Mani ya ce bai zo jin rantsuwa ba, ya zo jin su wa ke da sukuddirebar tauraro. Ta ce su uku ne: ita, da Abdulmajid mai zagayen ƙauyuka yana haɗawa da gyara, sai Luƙman, wanda ya bar aiki tun cikin damina bayan sun yi faɗa, bai kuwa dawo da tasa ba.

Abdulmajid na nan a shagon. Saurayi ne mai fara'a da ladabi, tun shigowar Mani ya jawo masa kujera, ya kawo ruwan sanyi, ya ɗora shayi. Ya ce rabonsa da Kwanar Gawo tun watan jiya, lokacin da ya je wanke alluna. Da aka ambaci Luƙman sai ya sunkuyar da kai, ya ce shi bai son ya ɗauki alhakin kowa, abokinsa ne, amma ranar da ya tafi ya ji shi yana cewa shagon nan sai ya rufe. Kuma ya tafi da kwafin dukan manhajar akwatunan a kwamfutarsa.

Mani ya tambayi menene manhaja a wannan akwati, tunda shi ƙarfe da waya ya gani. Lubabatu ta fara bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, hannuwanta na yawo a iska. Ya saurara har shayi ya huce, sannan ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, tambaya guda na yi. Wanda ya buɗe akwatin, mi ya taɓa a ciki?"

Ta ce ba ta sani ba tukuna. Waya ko ɗaya ba a yanke ba, don haka sai dai in umarnin da ke rubuce a ƙwaƙwalwar akwatin aka sauya. Don ta gane, sai an kawo mata akwatin ta zuƙo abin da ke ciki, jandarmomi kuwa sun ce kar ta kusanci wurin. Mani ya ce shi ba su hana shi ba, zai sa a ciro a kawo. Ya miƙe yana jin haushin cewa an ɓata masa rabin yini kafin a faɗi haka.

*

Luƙman ya kafa rumfar gyaran waya a bakin kasuwa. Tun kafin Mani ya gama sallama ya ce ya san abin da ya kawo shi, duk garin an gama yanke masa hukunci. Ya ce eh, yana da sukuddirebar, ga ta nan, da ita yake buɗe rediyo. Eh, yana da kwafin manhajar, shi ya rubuta rabinta, har da sashen da ke kashe famfo in ruwa ya ja, kuma ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Eh, ya ce shagon zai rufe, kuma har gobe yana nan kan bakansa, don Lubabatu ba ta jin shawara.

Mani ya tambaye shi inda yake a kwanakin nan. Ya ce yana inda yake. Ya tambaye shi ko yana da babur. Ya ce wa bai da shi. Duk tambayar da aka yi masa sai ya amsa ta yadda za ta ƙara ɗaure shi, har Mani ya ji kamar ya kama kunnensa ya murɗa. Ya sha ganin ɓarayi, ya san yawancinsu sun fi kowa daɗin baki. Wannan kuwa kamar yana roƙon a kama shi don ya samu abin ƙorafi. Amma haushi ba hujja ba ne, ko na wanke mutum ko na ɗaure shi. Luƙman na da kayan aiki, yana da sani, yana da dalili. In ba a samu wani abu ba, shi za a tafi da shi, ko Lubabatu.

*

Washegari Hindatu da kanta ta kawo akwatin a kan cinya bisa kabu-kabu, nannaɗe cikin zane. Abdulmajid ya tafi Tibiri gyara tun da sassafe. Lubabatu ta jona akwatin da kwamfutarta, Mani ya zauna gefenta ya gargaɗe ta cewa da Hausa za ta yi magana, kuma a hankali.

Ta yi ƙoƙari. Ta ce umarnin da ke cikin akwatin ba a dunƙule ake rubuta shi ba, gunduwa-gunduwa ne. Wata gunduwa na kula da hasken rana, wata na auna ruwa, wata na kashe famfo. Mutum ya rubuta kowace, sai a ba wani kayan aiki na cikin kwamfuta, asambila, ya juya rubutun zuwa harshen da na'ura ke ji, ya fitar da ƙaramin fayil. Daga nan a haɗa fayilolin wuri guda a ɗura wa akwatin. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta sami gunduwar da aka taɓa. A daidai wurin da ya kamata akwatin ya ce wa famfo tsaya, an sa ya tsallake ya ci gaba.

Mani ya ce to, an san abin da aka yi, saura wa ya yi. Ta ce rubutun na'ura bai da hannu, na kowa iri ɗaya ne. Sai ta matso da fuskarta kusa da allon.

Ta ce akwai abu guda. Akwatunanta zubi biyu ne, tsohon zubi da ke ƙauyukan Tibiri, da sabon zubi irin na Kwanar Gawo. Bayan kaka an taɓa samun ruɗani, fayil ɗin da aka yi don wani zubi ya shiga cikin na wani, akwati ya sandare, ta sha wahala kafin ta gano, don a ido fayilolin ba su da bambanci. Daga nan ta zauna ta yi wa asambilar ƙari. Tun daga lokacin, duk fayil ɗin da ya fitar sai ya rubuta a jikinsa zubin da aka yi shi dominsa, kuma ko an haɗa fayilolin shaidar kowanne tana nan.

"Kamar shaidar wuta a cinyar bijimi," in ji Mani.

Ta ce kusan haka, sai dai wannan ba ta faɗin mai shi, zubi kawai take faɗi. Ta buɗo jerin. Duk gunduwoyin da ke cikin akwatin na ɗauke da shaidar sabon zubi, ban da ɗaya. Wadda aka lalata tana ɗauke da shaidar tsohon zubi.

Mani ya sa ta maimaita masa, sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi in sawu ya rabu biyu. Yaushe ta yi wannan ƙari? Bayan kaka. Yaushe Luƙman ya tafi? Cikin damina. To asambilar da ke wurin Luƙman tana buga shaida? Ba ta bugawa, bai ma san da zancen ba. Kwamfuta nawa ke da mai bugawa? Biyu, wannan ta gabansu da ƙaramar ta zagaye, ita da kanta ta saka a duka biyun. Wannan ta gabansu, a kan wane zubi take? Sabo, ta daɗe da cire kayan tsohon daga cikinta. Ƙaramar fa?

Ta tashi ta je ta tsaya bakin ƙofa tana kallon motocin tasha. Da ta dawo ta ce ƙaramar a kan tsohon zubi take zama, saboda akwatunan Tibiri, kuma ba ta rabuwa da jakar Abdulmajid. Sai ta shiga kawo uzuri. Wataƙila wani ya ara. Wataƙila kuskure ne. Yaron nan ita ta koya masa riƙon waya, bai taɓa yi mata ƙarya ba, me zai samu in famfo ya ƙone.

Mani ya ce wannan tambayar ta ƙarshe ita ce kaɗai mai amfani a cikin duk abin da ta faɗa. Ya hana ta kiran Abdulmajid, ya hana Hindatu buɗe baki a gari, ya ɗauki sandarsa.

*

A wannan karon bai kalli gindin akwatin ba. Maganar Kubra ce ke masa yawo: tun farkon sanyi shato ya daina cika. Rijiya kan ja baya da bazara, ba da farkon sanyi ba. In ruwa ya rage tun lokacin, wani ne ke sha.

Ya kewaya shingen ta waje, inda 'yan kallo ba su taka ba. Ta gabas da arewa ƙasa busasshiya, ciyawa ta mutu. Ta yamma, daga bayan shato, ya ga wani siririn layi na ɗanyar ciyawa ya ratsa ƙarƙashin waya ya miƙe, a wurare biyu ƙasar ta yi duhu kamar inda mahaɗa ke yoyo. Ya bi shi a hankali har ya shiga wata babbar garka mai dankali kore shar. Akwai rijiya a ciki, da injin ban ruwa mai shan mai a ƙarƙashin rumfa. Ya shafa injin. Yanar gizo ta rufe bakin salansa, sai ta gefe ɗaya da aka goge kwanan nan, alamar an tashe shi jiya ko yau bayan ya daɗe a kwance.

Ya soka sandarsa cikin layin ciyawar, ya tona da tsininta. Bai kai kamu ɗaya ba ya taɓa baƙin tiyo.

Da ya tambayi Hindatu mai garkar, ta ce ta Alhaji Nafi'u ce, ɗan kasuwa, shi ya ba matan filin da suke kai, shi ya sa ba a musa masa magana. Ya tambaye ta ko yana da alaƙa da mutanen shagon injiniya. Ta dube shi kamar ya tambayi abin da kowa ya sani, ta ce ai Abdulmajid ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa ya tashi. Mani ya rufe ido na ɗan lokaci. Tun ranar farko garin nan ya cika masa kunne da doguwa da kaji, ba wanda ya ga dacewar ya faɗi wannan.

*

Aka taru da la'asar a ƙofar mai gari. Matan ƙungiya sun zauna gefe guda, Kubra a cikinsu. Bilyaminu da abokansa sun tsaya a baya. Luƙman ya zo ne don Mani ya aika masa cewa in bai zo ba jandarma zai kawo shi, ya zauna can nesa ya harɗe hannuwa. Lubabatu ta zo da kwamfutarta, Abdulmajid da ya dawo daga Tibiri na biye da ita da jakarsa a kafaɗa, an ce masa aikin gyara ne. Alhaji Nafi'u ya iso a ƙarshe, aka ba shi kujera kusa da mai gari. Jandarma ɗaya ya jingina da motarsu yana sauraro.

Mani bai yi doguwar shimfiɗa ba. Ya ce an buɗe akwatin da kayan aikin da mutum uku ke da shi, an sauya umarnin da ke kashe famfo. Lubabatu ta yi bayanin shaidar zubi, wannan karon a taƙaice, ta nuna wa jandarman a allo. Da ta kai inda ta ce kayan aikin Luƙman ba su iya buga wannan shaida, Luƙman ya ce ai dama ya faɗa, ko da yake bai faɗi komai ba. Mani ya ce masa ya yi shiru.

Sai ya ce wa Abdulmajid ya fito da ƙaramar kwamfutar. Saurayin ya yi murmushi, ya ce batir ya ƙare. Lubabatu ta miƙo masa waya ta caji. Ya ce mutane da yawa kan taɓa ta. Mani ya ce ya ambaci ɗaya. Bai ambata ba. Aka kunna, Lubabatu ta duba, ta ce fayil ɗin gunduwar da aka lalata an goge shi, amma asambilar na nan a kan tsohon zubi, ta sa ta fitar da sabon fayil a gaban kowa, shaidar ta fito daidai da wadda ke cikin akwatin.

"Lokacin da ka haɗa su, kwamfutar ta gargaɗe ka cewa zubin bai dace ba," ta ce masa a hankali. "Ni na rubuta gargaɗin nan. Ka gani?"

Ya ce ya gani. Ya ɗauka irin surutun da kwamfuta ke yi ne kullum, ya danna ya wuce. Daga nan sauran maganar ta zubo da kanta. Shi ya jona tiyon tun farkon sanyi. Da garka biyu suka hau kan rijiya ɗaya, ruwa ya riƙa ja da rana, akwatin ya riƙa kashe famfo. Aka matsa masa cewa dankali na ƙishi, ya cire wannan tsayawar, na ɗan lokaci kawai, sai an haƙe dankalin. Bai yi zaton zai ƙone ba. Da ya ƙone, tsoro ya kama shi, ga sunan Luƙman a bakin mutane, sai ya ƙara masa itace.

Mai gari ya tambaye shi wa ya matsa masa. Abdulmajid ya dubi Alhaji Nafi'u. Alhajin ya gyara zaman hularsa, ya ce shi bai san komai a kan kwamfuta ba, ko wayarsa yara ke duba masa. In yaro ya yi wauta don neman suna, to wannan tsakaninsa da uwar ɗakinsa ne. Tiyo kuwa, ma'aikata ne da shi da yawa, bai san abin da kowa ke binnewa ba.

"Kawu," in ji Abdulmajid.

Mani ya ce shi ma bai san kwamfuta ba, amma ya san injin da ya yi sanyi guda a kwance bai sha mai ba, alhali dankalin da ke gefensa ya fi na kowa kore, kuma mai biyan kuɗin man nan ba zai ce bai lura ba. Ya ce wa jandarman in za a tafi da yaro, a tafi da shi Mani ma, zai faɗi wannan a birgadi, a rubuta da sunansa. Jandarman ya ce Alhaji ma zai zo gobe da safe. Alhajin ya dubi matan da ke kallonsa, ya kau da kai.

Wurin ya kaure da magana. Bilyaminu, wanda bai ko kalli inda Kubra take ba, ya ce a tashi yanzu a tone tiyon nan a ƙona shi a gaban kowa, samari suka fara neman fartanya. Mani ya buga sandarsa a ƙasa yana cewa shaida ce, kar wanda ya taɓa, amma ba mai jin sa.

Hindatu ce ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, ta jira har aka lura da ita. Ta tambayi Lubabatu yaushe sabon famfo zai zo. Lubabatu ta ce daga Yamai za a kawo, ba yau ba, ba gobe ba, wataƙila dankalin ba zai jira ba. Sai ta tambayi Mani ko injin Alhaji na aiki. Ya ce lafiyarsa lau. Ta sake tambayar Lubabatu ko tiyon da ya kai ruwa can zai iya kawo shi nan. Lubabatu ta ɗan yi tunani, ta ce in aka jona bakinsa da injin, zai iya.

"To kar a tone shi," in ji Hindatu. Ta juya ga Alhaji Nafi'u. "Alhaji, sanyi guda muna shayar da dankalinka ba mu sani ba. Yanzu kai za ka shayar da namu, da saninka, da manka, har famfo ya zo."

Mai gari ya dubi jandarma, jandarma ya ce shi bai ga abin da ya hana ba, tunda tiyon zai zauna inda yake. Alhajin ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Matan ba su ba shi ba. Suka tashi gaba ɗaya suka nufi yamma da gari, Kubra a gaba, Lubabatu na bin su da jakar kayan aikin da ta karɓa daga kafaɗar Abdulmajid.

Mani ya hau bayan motar jandarmomi ya zauna kusa da Abdulmajid, wanda ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Ba su kai ga fita gari ba suka ji injin Alhaji ya yi tari, ya mutu, aka sake ja, ya kama.